Ƙaunar da Ba Ta da Lanƙwasa

Rungume da tsohuwar kwamfuta Auta ta shigo shagon gyaran kwamfuta, ta dire ta a kan tebur tana haki. Saurayin da 'yan layi ke kira Injiniya ya ɗago kai, nan take sukudireba ta suɓuce daga hannunsa.

"Ta Babana ce," in ji ta. "Littafin da yake rubutawa na ciki. An ce mu yar da ita."

"Wa ya ce? Tsufa ai ba mutuwa ba ne. Linux zan sa mata, manhajar da kowa ke ɗauka kyauta. Sai ta koma yarinya."

Gyaran yini guda sai da ya ci makonni, don Injiniya kullum sai ya gano wani dalilin da zai sa Auta ta dawo.

Baba dai tsohon malamin Hausa ne, kuma bai yi na'am da wannan zirga-zirgar ba. Ya fi son Auta ta auri ɗan amininsa mai kantin sababbin kwamfutoci. Dole Injiniya ya je gida ya ƙarasa aikin a gabansa. Baba ya sa kalmar sirri da hannunsa, yana kare madannan rubutu da hula.

Aka kashe aka kunna. Baba ya buga kalmar, kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Ka kulle mini littafi! Ɗauke hannunka. Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Injiniya ya fita. Yana da hanyar buɗe ta, amma an hana shi taɓawa, ga Auta na neman kuɓuce masa. Washegari ya tura mata saƙo:

"Sahibata, ko an raba mu, kaunarki na raina."

Amsa ta zo: "Hasken idona, na yi kuka har na gaji. Amma ƙauna da lanƙwasa ake rubuta ta. Da Baba zai ga wannan, da laifinka ya zama biyu."

Ya ƙura wa saƙon ido, sai ya miƙe zumbur. Lokacin sa manhajar, madannan Hausa ya zaɓar wa Baba, amma shafin shiga da madannan Turanci yake buɗewa, waɗanda ba su da haruffa masu lanƙwasa.

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofar falo. "Baba, ba zan taɓa ta ba. Tambaya ɗaya ce. Akwai ƙa ko ɗa a kalmar?"

Baba ya harare shi. "To da ba tare da su ba zan rubuta? Ni?"

"Auta, duba can sama a kusurwa, ki mayar da madannai Hausa," in ji Injiniya.

Ta mayar. Baba ya buga a hankali, sai ga littafinsa, babi bayan babi, ko wasali bai ɓace ba. Ya gyara zaman tabarau.

"Wato ita ma ba ta yarda da kuskuren rubutu ba," in ji shi, fuska cike da alfahari. "Yaro, tashi ka zauna a kujera. Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun ango a gaban jama'a. "Wannan surukina ne, ku gan shi da kyau. Na ba shi Autata da zuciya ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa da amin, Auta kuwa tana ciki tana share hawayen murna.