Rabin Cokalin Gishiri

Inna ta ture kwanon da bayan hannu, har romon ya fantsama a tabarma.

"Wake jiya, wake yau! Ni akuya ce da za a riƙa tara min ganye? Ko gishirin kirki babu, salam kamar ruwan wanke hannu!"

Matar ɗanta ta durƙusa tana goge wajen. Amarya ake ce mata har yau, ko da yake shekararta huɗu a gidan Tela, da 'ya'ya biyu.

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Haƙurin zan ci?"

Abin da Inna ba ta sani ba, wata uku da suka wuce likita ya keɓe Tela ya ce jinin mahaifiyarsa ya hau sosai. A rage gishiri, a rage mai, a yawaita ganye. Hawan jini kuwa shi ya yi ajalin mahaifin Tela, tun daga nan ko sunan ciwon Inna ta ji sai hankalinta ya tashi. Ranar Tela ya riƙe hannun matarsa a ɗaki ya ce, "Don girman Allah kada ta ji, tsoron kaɗai ya isa ya kwantar da ita. Na ce mata ƙwayoyin na ciwon gwiwa ne. Ki yi min alkawari." Ta yi masa, don ba ta iya ganin idonsa da ƙwalla. Wayyo, da ta san kayan da ta ɗauka!

Ga ɗinki ya ja baya, keken yakan yini a rufe. Ɗan abin cefanen ma magani ya riga ya ci rabinsa. Sai Amarya ta koyi zuwa kasuwa dab da tashi, lokacin da masu kayan miya ke neman rabuwa da ragowa. Ta zaɓo kabejin da ya ɗan yi yaushi, da karas guntaye, da alayyahu, ta zo ta gyara su tsaf. In ta samu ƙwai biyu, Inna ɗaya, yara ɗaya, ita kuma ta ce ai ta ci nata a kicin.

A can kasuwar Auta, ƙanwar Tela, ta hango ta wata rana. Ko jakar makaranta ba ta ajiye ba ta fesa labari.

"Wallahi Inna da idona na ga Anti tana tsintar ragowa! Abin da take ba mu ke nan. Kuɗin Yaya kuwa ita ta san inda take kai su."

Inna ta sa aka kira Tela daga shago. "Zaɓi ɗaya. Ko ta tafi gidansu, ko ni in bar maka gidanka!"

Amarya ta ɗago ta dube shi. Kalma ɗaya take jira. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza tef ɗin awo da ke wuyansa. Ta faɗi gaskiya ta karya alkawari, wataƙila ta kayar da tsohuwa; ta yi shiru aurenta ya mutu. Gaba kura, baya siyaki. Zuciyarta ta yi zafi, ta ji haushinsa kamar ta fasa ihu, amma son da take masa ya danne bakinta.

Ta shiga ɗaki ta haɗa kaya a jaka. Da ta fito, idonta ya yi ja, ta tsaya gaban Auta.

"Ga mabuɗin kicin. Gishirin Inna rabin ƙaramin cokali ne, kada ki ƙara ko ta yi faɗa. Ban da dunƙulen magi. Waken ki jiƙa shi tun da safe, ya fi saurin nuna, gas ba zai ƙare ba. Ƙwayarta bayan karin kumallo... don Allah, Auta, kada ki manta ko sau ɗaya."

Inna ta dube ta. "Tsaya. Ke da ake kora, ina ruwanki da gishirina?"

Nan Tela ya zube a gwiwa, kuka ya ƙwace masa. Ya faɗi komai, daga maganar likita har alkawarin da ya ɗaure matarsa da shi.

Kowa na jiran Inna ta yanke jiki ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ɗanta ta juya ta kalla.

"Ashe yarinya ka mayar da ni? Ka ɓoye min ciwona, ka bar 'yar mutane tana shan zagi wata uku, kana tsaye kamar dogari! Ciwo ai na Allah ne. Wannan zaluncin fa, na wa?"

Auta ta rufe fuska. "Sori, Anti..."

Inna ta miƙe da ƙyar, ta zare jakar daga hannun Amarya. "Ina zagin ki, ke kina tattalin raina. Yafe min, 'yata."

Tela ya matso zai yi magana, Amarya ta share hawaye ta ce, "Na yafe, Abban yara. Amma kada ka sake ba ni amanar da za ta raba ni da kai."

Jama'a, ba duk mai daɗaɗa maka baki ke son ka ba. Haƙuri bai taɓa tashi a banza ba. Kai kuma maigida, in ka sa matarka yin shiru, kada ka yi shirun tare da ita ranar da ake tuhumar ta.