Wadda Ke Zama a Kujerar Talatu

Kowace yamma, idan rana ta yi ja ta fara sunkuyawa bayan gonakin gero na Gazawa, Alhaji Iro kan yaye tamfol ɗin da ke kan motarsa. Kadilak ce ta 1973, ruwan madara, wadda ya saya hannun wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Kano tun yana fataucin fata. Tsawonta ya hana ƙyauren garaji rufuwa, kujerar gabanta kuwa guda ce shimfiɗaɗɗiya kamar gado. 'Yan kabu-kabu suna kiranta jirgin Alhaji, wai man da take sha daga gida zuwa masallacin Juma'a zai kai babur Maradi ya dawo. Bai taɓa tanka musu ba. Wanda bai san yadda ƙofarta ke rufuwa da taushi ba, me za ka gaya masa?

Shekara tara ke nan da rasuwar matarsa Talatu. Tun daga lokacin, idan ya gama goge motar, sai ya buɗe ƙofar dama ya ce, "Shigo, Hajiya," ya rufe a hankali, ya zagaya mazauninsa. Ya tada injin ya bar shi yana gurnani ƙasa-ƙasa, sannan ya shiga ba da labarin wuni: wanda ya rasu, wanda ya yi rigima a kasuwa, yadda gwiwarsa ta wuni. Ba shi da wata hira a duniya sai wannan.

'Yarsa Naja'atu, malamar lakol, wato makarantar boko, a Cadakori, ta zo hutu. Kwana uku tana leƙensa daga tsakar gida, tausayi na cin ta. A na huɗu, yana buɗe ƙofar sai ta raɓa ta gefensa ta zauna.

"Baba, yau ni za a ba labarin."

Alhaji ya tsaya riƙe da ƙofa, sai ya rufe, ya zagaya ya tada injin. Bai kai ga faɗin kalma goma ba injin ya mutu, abin da bai taɓa yi ba. Wani sanyi ya cika motar. Naja'atu ta dafe wuyanta ta ce ta ji an yi mata nauyi.

Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka. Suna dukan kwanon ɗaki ɗaya bayan ɗaya, suna fasa tukwane, amma ko tsakuwa ba ta taɓa motar ba. Naja'atu ta daina magana, ta daina cin abinci. Wuni take kwance tana kallon bango, rana na faɗuwa sai ta miƙe ta tafi garaji, ta tsaya jikin ƙofar dama, ido a buɗe. Likita ya duba bai ga komai ba. Cikin mako guda awarwaronta ya fara zamewa daga hannu, Alhaji ya tabbata idan aka ƙara mako, 'yarsa zai binne.

Ya aika wa Malam Idrisa, wani dattijo mai ruƙiyya da ba ya son yawan magana. Malam ya zo bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da motar, ya zauna yana karatu a kunnenta. An daɗe ba abin da ya motsa. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida, kaji suka shige akurki, sannan Naja'atu ta tashi zaune, ta yi magana da muryar wata tsohuwa.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni baƙuwa ce, kirana aka yi."

"Wa ya kira ki?"

"Shi. Ina wucewa da magariba, ba ni da kowa ba ni da wurin zuwa, na ji an buɗe ƙofa an ce in shigo. Shekara tara ban ɓata mashi komi ba. Ko ɓera ban bari ya taɓa kujerar nan ba. Sai wagga ta zo ta zauna mini bisa cinya."

"Ba ta gan ki ba. Sake ta."

"A bar mini kujerata, kowa ya kiyaye ta, in bar mashi ɗiyarshi."

Alhaji ya buɗe baki, don har ga Allah sharaɗin ya yi masa daɗi. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Yau ɗiyarka ce, gobe jikanka za ya hau, shi ma bai gani ba. Karatu na iya korarta, amma za ta komo, tunda kai ka gayyato ta. Sai ka sallame ta da bakinka."

Kan Naja'atu ya juya a hankali ya fuskanci uban.

"Iro, ka san ni ba Talatu ba ce."

"Na sani," in ji shi. "Tun shekarar fari. Talatu ba ta taɓa barin in kai ƙarshen labari ba."

"Ka sani, kuma ka ci gaba da buɗewa."

"Na ci gaba."

"To in na tahi, wa za ya saurare ka?"

Alhaji ya dubi motar, ya dubi siraran hannuwan 'yarsa. Ya ji kaɗaicin da ke jiransa tun kafin ya iso.

"Na gode da zama," ya ce. "Na sallame ki. Ki tahi, kada ki komo."

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"To buɗe mini. Ta inda na shigo za ni fita."

Malam ya gyaɗa kai. Alhaji ya taka ya buɗe ƙofar dama. Da idonsu suka ga ɓangaren motar ya ɗan ɗaga sama, kamar yadda take yi idan mutum ya sauka. Naja'atu ta yi atishawa, ta zube kan tabarma, ta ce a ba ta ruwa.

Duwatsu suka daina. Ta warke, ta yi ƙiba, amma ko hanyar garaji ba ta sake bi ba. Ranar komawarta Cadakori ya ce zai kai ta tasha a Kadilak, ta sunkuyar da kai ta ce gara su taka, bai kuwa ga laifinta ba.

A tasha, bayan motarsu ta tashi, wani rago da aka ɗaure saman taksi ya tsinke ya diro, ya tunkuyi mai kiran fasinja har hularsa ta faɗa cikin kaskon ƙosai. Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Duk hanyar gida yana jera labarin a ransa, ta ina zai fara, ina zai kwaikwayi ihun mai ƙosai. Sai da ya shige zaure ya tuna ba sauran mai saurare.

Nan ya tsaya da labarin a bakinsa har aka kira sallar magariba.