Buhunan Bakin Kwari

Da safiyar Asabar aka kai rahoto ofishin 'yan sanda cewa ɗakin wata dattijuwa mai suna Inna Fatu ya rufta cikin kwari a Miri, tana asibiti da karayar ƙugu.

Sufeto Muktar ya tarar da jama'a a bakin kwarin. Zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin unguwar, shi ya sa mazauna suka yi gayya suka jera buhunan yashi domin karkatar da ruwa. Jiya, kafin ruwan la'asar, buhunan suka ɓace.

"Shanun Yero ne suka tattake su, yallaɓai," in ji Malam Abdulbaƙi, mai sayar da hatsi, maƙwabcin Inna Fatu, wanda ya jagoranci gayyar. "Kullum ta nan yake bi da su."

Yero makiyayi yana zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Samari sun rantse ba zai sake kwana a unguwar ba.

"Wallahi jiya ban sako shanu ta nan ba," ya ce.

Sufeto ya durƙusa. Yashin yana nan tsibi-tsibi, amma babu ko ƙyallen buhu. Ya zaro wani dogon zare daga cikin laka. Ba yanka shi aka yi ba, warware shi aka yi daga bakin ɗinki.

Ya janye mai unguwa gefe. "Wa zai amfana idan kwarin nan ya ƙara faɗi?"

Mai unguwa ya rage murya. "Akwai ƙungiyar da za ta ba da tallafin sake gini. Sharaɗinsu, sai wanda kwari ya taɓa katangarsa. Malam Abdulbaƙi ya nema, suka ce nasa da saura."

A tsakar gidan Malam Abdulbaƙi, buhuna wankakku suna shanye a kan igiya.

"Na masara ne," in ji Malam Abdulbaƙi da sauri.

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Masallaci, a sahun gaba."

"In tambayi liman?"

Sufeto ya juya buhu ɗaya, ya kakkaɓe lungunsa. Jan yashi ya zubo a tafin hannunsa.

Malam Abdulbaƙi ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa.

"Katangata kawai na so ruwan ya taɓa. Ɗakin yarana ya tsage, duk hadarin da ya taso sai na kwashe su zuwa zaure. Na jira maza suka tafi masallaci. Ban san ruwan zai juya wajenta ba."

"Me ya hana ka jefa buhunan a kwari?"

"Yallaɓai, hannuna bai saba zubar da buhu mai kyau ba."

"Yero fa?"

Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Ina tsaye suka doke shi."

Sufeto ya fita ya sanar da jama'a gaskiya. Samarin suka kasa kallon Yero. Da Sufeto ya dawo da ankwa, Malam Abdulbaƙi ya riƙe hannunsa.

"Don Allah ka bi da ni ta baya. Kada in wuce ta ƙofar Inna."

Sufeto ya leƙa bayan katanga, ya dawo a hankali.

"Babu hanyar baya, Malam. Ruwan jiya ya tafi da ita."