Kujerar Khalida Ta Sha Fenti

"Wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

Khalida ce tsaye a ƙofar falonsu na unguwar Jarwal, hannu a ƙirji. Ga kujerarta mai ƙafa uku a tsakiyar kafet, ta sha fenti ruwan zinare har tana kashe ido.

Wata takwas ta yi tana zarya a haraj, kasuwar gwanjo, kafin ta zaƙulo kujerar nan cikin tarkacen wani otal. Farin katako ce ƙirar Finland, ƙafafunta a lanƙwashe, babu ado ko ɗaya. Wannan rashin adon shi Khalida take so. A ranar ta haɗu da Mahadi, mai fenti ɗan Kano, ya taya ta ciniki har mai kayan ya gaji ya sallama.

Mahaifiyarta Ummi kuwa ba ta ga abin so ba, a kujerar ko a Mahadin. Ita Abdulilah take so ya auri 'yarta, mai shagon sababbin kujeru a Rusaifa, wanda kullum yake raɗa mata cewa ɗan gwanjo sai kayan gwanjo. Yau Ummi ta yi alkawarin ba Mahadi amsa kan neman auren Khalida.

Shi kuwa jiya ya karɓi kujerar, wai zai ɗaure mata ƙafa.

"Ni ne, habibti..." in ji Mahadi daga gefen ƙofa, kansa a ƙasa. "Na ga Hajiya tana son abu mai ƙyalli."

"Mahadi, ka san me ka..."

Sai ga Ummi ta fito daga kicin. Ta zagaya kujerar sau biyu, ta shafa, ta zauna a kai.

"Masha Allah! Wannan ce busasshiyar kujerar nan? Yaro, kai ka yi?"

"Ni ne, Hajiya."

"Tayyib, madalla. Mai mayar da gwanjo haka ba zai wulaƙanta mini 'ya ba." Ta juyo wajen Khalida. "Ya binti, ba ta yi kyau ba?"

Khalida ta dubi kujerar, ta dubi Mahadi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kuma san Ummi: in ta ce mata kujerar ba ta yi kyau ba, Abdulilah ya samu.

"Ta yi kyau, ya Ummi."

"Khalas, shi ke nan! Ka turo manyanka."

Bayan aikin hajji aka ɗaura aure. Da aka zo jere a ɗan gidansu na Aziziyya, Ummi da kanta ta girke kujerar inda kowane baƙo zai gani.

Washegari da hantsi amarya ta miƙa wa ango wata 'yar leda. Ya buɗe da murmushi, ya tarar da samfefa ta kankare fenti.

"Habibti, Hajiya fa za ta zo ranar Juma'a..."

"Na sani, rohi. Ka fara ta ƙarƙashi, ba ta leƙawa."