Ƙararrawar Taron Safe

Ranar da sabon injiniya ya fara aiki, ita ce ta katse masa magana.

A ofis Agogo ake ce mata, kuma ta ci sunan. Kullum da safe takan tara ma'aikata a gaban allo, a tsaye, ba kujera ba shayi. Kowa ya faɗi abu uku: aikin jiya, aikin yau, da abin da ya tare masa hanya. Wanda ya ja zance, ƙararrawar wayarta ce ke rufe masa baki.

Shi kuwa bawan Allah i'ina gare shi. Bai gama faɗin "jiya" ba ƙararrawa ta kaɗa.

"Na gaba," ta ce.

Sai da ya sunkuyar da kai ta gane abin da ta yi. Ranar kunya ta hana ta cin abinci.

Washegari kafin taro saƙonsa ya shigo: "Jiya na ɓata miki lokaci. Yau na rubuto, ki karanta musu. Abin da ya tare ni harshena ne."

Haka suka saba. Taro yana tashi a kan lokaci, saƙonnin kuwa suna ta canza salo, har ta buɗe wanda ba na karanta wa jama'a ba ne: "Jiya na kasa barci, Agogona. Yau ina son ganin Baba. Abin da ya tare ni tsoro ne."

Tsoron nasa da dalili. Da ta kai masa maganar aurensu, mahaifinta, da ya daɗe kwance a asibiti, ya girgiza kai.

"Mutumin da sallama ke gagararsa, shi zai tsaya miki bayan raina?"

"Baba, ni ma da farko ban bari ya ƙarasa ba. Ka saurare shi har ƙarshe."

Injiniyan ya tsaya a gindin gado, gumi na zuba, yana kokawa da kowace kalma. Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama, ya kamo hannunsa.

"Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka."

Tsohon bai ga ɗaurin auren ba. An ɗaura shi ne gidan bai gama karɓar gaisuwar rasuwarsa ba.

Ranar da amarya ta koma aiki, ta tara mutane ta saita ƙararrawa kamar kullum. Da layi ya zo kanta ta ce, "Jiya na shirya zan tafi asibiti, sai na tuna..." Murya ta tsaya, hawaye ya zubo.

Mijin ya miƙa hannu ya kashe wayar.

"Ƙa... ƙarasa, Agogona. Muna jiranki."

Babu wanda ya motsa.