Ƙofar Da Musaddiq Ya Toshe

A wani ɗakin koyon kwamfuta da ke unguwar Takur a Dutse Musaddiq ya fara ganin Khaulat, tana ta fama da cajar da ta ƙi kamawa. Ya miƙa mata tasa, daga ranar bawan Allah bai sake samun sukuni ba.

Da ta tambayi aikinsa ya ce, "Shara nake yi. Kowace kwamfuta akwai babbar manhajar da ke tafiyar da ita, zuciyarta ake kira kernel. Tana da ƙofofin da ƙananan manhajoji ke bi su nemi aiki. Tsofaffin da aka daina bi nake toshewa."

"Ya kake sanin an daina bi?"

"Ina tambaya a zaurenmu na intanet. In ba wanda ya tanka, shi ke nan."

Ta yi dariya. "To sannu, Sarkin Shara."

Mahaifinta, Modibbo Idirisu, yana da wurin tara madara a Aujara. Wata tsohuwar kwamfuta ke lura da sanyin tankin, da manhajar da yayanta Nasrullahi ya rubuta kafin ya rasu. Kullum da safe sai ta yi magana da muryarsa: "Baffa, madara ta yi sanyi." Saboda wannan muryar tsohon yake riga kowa zuwa.

Musaddiq ne ya ba ta shawara ta sabunta kwamfutar, ita kuwa ta yarda da shi. Washegari shiru kake ji. Ashe manhajar marigayin ta wata ƙofa take bi, wadda Musaddiq ya toshe da hannunsa bara. Khaulat tana can Dutse, sai Yahuza ɗan goggonta, wanda ya daɗe yana sonta, ya yi azarɓaɓin kai kwamfutar wurin mai gyara don ya burge. Aka goge komai, har muryar.

Saƙonta ya shigo: "Hamma Nasrullahi ya sake tafiya, Musaddiq. Baffa ya ce kada ka tako masa gida."

Ya amsa: "Hasken idona, wallahi na tambaya kafin in toshe. Amma mutanen intanet na tambaya, ban tambayi Aujara ba. Ba ni da bakin magana."

Ya zauna ya rubuta sabuwar manhaja, ya kai Aujara duk da an hana shi. Ya durƙusa ya gaishe da Modibbo, sannan ya ɗora manhajar a kwamfutar. Koriyar fitila ta kama, alamar madara ta yi sanyi.

"Muryar fa?" in ji tsohon.

"Ta tafi, Baffa. Akwai na'urar da ke kwaikwayon murya, amma ba shi ba ne. Ba zan yi maka haka ba."

Modibbo ya daɗe yana kallon fitilar, idonsa ya kaɗa. "Yahuza ya ce zai sa a kwaikwayo min shi. Tun da ya faɗa nake jin zafin maganar." Ya goge fuska. "Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Modibbo ya dafa kan angon ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai." Khaulat ta yi kukan da ba duka na amarci ba ne.

Har yau tsohon yana riga kowa zuwa wurin tankin. Yakan tsaya gaban koriyar fitilar ya ɗan jira, sannan ya ce a hankali, "Na gani, Nasrullahi, ta yi sanyi. Allah Ya jiƙanka."