Ɗakin da Festy Ya Gina a Kan Hanya

Rana ta gangara bayan teku, hazo ya fara tasowa daga fadama, lokacin da Festy Mulkerrin ya shigo gida da kwandon busassun tubalan taɓon fadama, waɗanda suke ƙonawa a madadin itace, a bayansa, ya zube su gefen murhu don wutar dare. Mahaifiyarsa, tsohuwa Sabina, ta sauke tukunyar dankali tana tsiyaye ruwan. 'Yarsa Nuala mai shekara goma sha uku tana jera kofunan madara a kan tebur, guda uku, domin tun hunturun bara da uwarta Honor ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn, mutum uku suka rage a gidan. Maraice ne irin na kullum. Abu ɗaya kawai, shirun ya yi yawa, ko karen maƙwabta bai yi haushi ba.

Sun zauna ke nan dutse ya faɗo ta mafitar hayaƙi, ya daki garwashi, wuta ta watsu a tsakar ɗaki. Kafin su farga wani dutsen ya daki ƙofa, wani ya biyo baya a kan jinka. Festy ya ɗauki fitila ya fita yana zage-zage, ya kewaye gidan sau biyu, ya leƙa garke, bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa ta ciro dutsen daga toka da awartaki tana juya shi a gaban fitila. Gefe ɗaya nasa fari ne fes da farar ƙasa.

"Festy," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "wannan dutsen bangonka ne."

Bangon da take nufi na sabon ɗaki ne, wanda ya gama ginawa mako guda da ya wuce a gefen yamma na gidan. Tun Honor na da rai take damunsa ya yi wa yarinya ɗakinta, shi kuma kullum sai bayan girbi, sai bayan kamun kifi, har aka binne ta bai ɗora dutse a kan dutse ba. Abin ya tsaya masa a rai. Da bazara ta shigo ya kama aiki ba ji ba gani, kamar mai jin matar na kallonsa.

To, a ƙauyen nan ko jinjiri ya san ba a ƙara gini ta yamma. Mutanen ɓoye, waɗanda ba a kiran su da sunansu sai dai a ce Mutanen Kirki, suna da hanyoyinsu daga tudun tsohuwar ganuwa zuwa bakin teku, kuma yawanci ta yammacin gidaje suke bi. Wanda ya zama dole ya yi gini, akwai yadda ake neman izini: da magariba a tara 'yan duwatsu tsibi huɗu a kusurwoyin filin, a tafi a kwanta. In da safe suna nan yadda aka bar su, a gina. In an rushe ko da ɗaya, a haƙura. Festy ya tara don uwarsa ta rabu da shi. Da safe ya tarar da tsibi biyu a warwatse, na arewa da na kudu. Ya dubi jakinsa da ke kiwo can nesa, ya ɗora masa laifin, ya sake tara duwatsun da hannunsa kafin tsohuwa ta fito. Jakin nan a ɗaure ya kwana, kuma Festy ne ya ɗaure shi.

Daren farko duwatsu ne kawai. Dare na biyu, bayan sun gama addu'ar carbi sun rage wuta, suka ji tafiya. Ƙafafu ne masu yawa, a hankali, irin takun mutanen da suka ɗauko kaya mai nauyi, suna gangarowa daga tudu. Suka zo har jikin bangon arewa na sabon ɗakin, suka tsaya cak. Daga nan wani kuka ya tashi, siriri, na mata da yawa a tare, ba a jin kalmominsa. A cikin ɗakin nan Nuala take kwana.

Festy ya ɗauko ta ya dawo da ita kusa da murhu, amma da asuba sai ga ta a can, tsaye, goshinta manne da bango, tana kankarar farar ƙasa da farce har yatsunta suka yi jini. Ta daina ci. In an ɗura mata madara ta dawo. In an kira sunanta sai ta waiwaya a hankali ta dubi mutum kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Aka kira Fada, limamin cocinsu, ya zo ya yayyafa ruwan albarka, ya taɓa goshinta ya ce zazzaɓi ne, a rufe ta da bargo, a kuma rage sauraron zancen tsofaffi. Mutumin kirki ne, amma bai yarda ya kai magariba a gidan ba. Daren nan duwatsu suka sauko kamar ƙanƙara.

Kwana tara ana haka. Yarinya ta rame har wuyan hannunta bai fi kaurin sandar tsintsiya ba, numfashinta yana fita da ƙyar. Festy ya daina fita teku, ya daina barci, yana zaune yana kallon ƙirjinta na ɗagawa yana sauka, tsoro ya cika shi. Ya binne mace, ya binne jariri, ya kuma san sarai in ya binne wannan ba abin da ya rage masa. A rana ta tara ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata gaskiyar tsibin duwatsun.

Sabina ba ta zage shi ba, alhali da ta yi hakan da ya fi masa sauƙi. Ta yi alamar gicciye ta ce, "Tashi ka haye dutse ka ɗauko Bairbre Folan. In ta ƙi tafiya, goyo ta."

Bairbre Folan tsohuwa ce mai ido ɗaya da ke zaune ita kaɗai a bayan dutse. Ta san ganye, ta san addu'o'in da babu su a littafin Fada, ta kuma san yadda ake magana da Mutanen Kirki ba tare da an ɓata musu ba. Suka iso rana na shirin faɗuwa, tana bisa jakin, Festy na ja. Ba ta shiga gida ba sai da ta tsaya a yamma ta dubi tudu, ta juya ta dubi teku, sannan ta dubi ɗakin da ke tsakaninsu.

"Ɗan Sabina," ta ce, "da ido biyu ka yi wannan aikin? Ni da guda ɗaya ina ganin hanyar."

Ta sa aka kwantar da Nuala a tsakiyar sabon ɗakin. Ta gitta awartakin ƙarfe a bakin ƙofa, ta zuba gishiri a tafin Festy da na uwarsa, ta zauna a ƙasa wajen kan yarinyar tana motsa leɓe. Duhu ya shigo. Tafiyar ta taso daga tudu, ta zo ta tsaya a bayan bango. Wutar fitila ta kwanta gefe ɗaya alhali babu iska.

"Wanda ke cikin yarinyar nan," in ji Bairbre, "ba da faɗa na zo ba. Me aka yi muku?"

Nuala ta tashi zaune, idanunta a rufe. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, busasshiya, mai gajiya.

"Gawa ce a kafaɗarmu. Kwana tara muna tsaye da ita."

"Allah ya ba ku haƙuri. Ba za ku kewaya ba?"

"Ba a kewayawa da gawa. Ke kin sani. Uban yarinyar nan ya tambaye mu, mun ba shi amsa, ya mai da amsar tamu ƙarya. Ya tsare mana namu, mun riƙe nasa."

Festy ya matso a kan gwiwoyinsa. "Ni na yi, ba ita ba! Ku ɗauke ni, don Allah, ku bar ta!"

"Me za mu yi da kai?" in ji muryar.

Bairbre ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ce bango zai faɗi a daren nan, arewa da kudu, ba kuma za a sake ɗora dutse a wurin ba muddin akwai ɗan Mulkerrin a ƙauyen. Muryar ta ce wannan haƙƙinsu ne tun asali, ina ladan kwana tara? Ta ce madarar farko ta saniya, kowace shekara, a bakin hanya. Muryar ta yi dariya ta bakin yarinyar, dariyar da ta sa Sabina ta toshe kunnuwa. Aka ji kamar ana shawara a bayan bango.

"Ga sharaɗinmu," in ji muryar. "Matarsa tana cikinmu, ita ce ta ƙarshe a layi, da ɗanta a hannu. In ya buɗe hanya, ya zauna a gefenta ya ba mu baya, yarinya a ƙirjinsa, har mu wuce. In ya juya ya dubi matar, tasa ce, ya riƙe ta, mu tafi da yarinya. In bai juya ba, yarinya tasa ce, matar kuma ba za ta sake bin hanyar nan ba har abada. Ya tsaya shi ma ya ji yadda tsayuwa take."

Nuala ta koma ta kwanta kamar an sake ta. Festy ya kama hannun Bairbre.

"Iya, gaskiya ne? Honor na cikinsu? Da hannuna na sa ta a ƙasa."

"Ana cewa masu mutuwa wajen haihuwa ɗauke su ake yi," ta ce. "Suna kuma iya ƙarya fiye da ni da kai. Ban sani ba, ɗan nan, ba zan ce maka na sani ba. Abin da na sani, wannan da ke kwance tana numfashi."

Ya ɗauko guduma da ƙarfen haƙa. Babu maƙwabcin da ya leƙo, ko da yake duk ƙauyen na jin ƙarar. Uwarsa ta riƙe masa fitila, yana dukan bangon da ya ɗora da hannunsa dutse bayan dutse, yana kuka ba tare da ya ɓoye ba. Ya fasa na kudu, ya koma ya fasa na arewa, tafukansa suka tsage, jinka ta zubo masa a ka. Da dutsen ƙarshe ya faɗi, wani sanyi ya shigo mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsofaffin biyu suka shige tsohon gida suka ja ƙofa. Festy ya zauna a cikin ɓaraguzai, ya fuskanci tsohon bango, ya rungume 'yarsa da hannu biyu.

Suka fara wucewa. Bai gan su ba, amma yana jin gefen tufafinsu na shafar bayansa, yana jin nishin masu ɗauke da makara, da kukan matan a bayansu. Sun daɗe suna wucewa, har ƙafafunsa suka mutu. Takun ya riƙa raguwa, ya zama na mutum uku, ya zama na biyu, ya zama na mutum ɗaya. Wannan ya zo daidai bayansa ya tsaya.

Ya ji ƙamshin gashinta, hayaƙi da sabulu. Ya ji numfashinta a ƙeyarsa. Sai ga ɗan ƙaramin sauti, irin na jariri mai neman nono, sautin da bai taɓa ji daga ɗansa ba, domin yaron bai yi kuka ba ranar da aka haife shi.

"Festy," aka ce, a hankali.

Wuyansa ya fara juyawa da kansa. A daidai lokacin ya ji jikin Nuala ya yi sako-sako a hannunsa, yana sulalewa kamar ana zare ta ta ƙasa. Ya cusa fuskarsa a cikin gashinta, ya runtse ido, ya ciji leɓensa har jini ya cika masa baki. Bai san iya tsawon lokacin da aka tsaya ba. Ya dai san bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so ya waiwaya ba. Can sai takun ya motsa, a hankali, ya fita ta kudu ya gangara wajen teku, har ƙarar igiyar ruwa ta rufe shi.

Wani kare ya yi haushi a ƙauye. Nuala ta yi tari, jikinta ya ɗauki ɗumi, ta buɗe ido, idanunta na gaske. Ta daɗe tana kallon duhun da ke bayan kafaɗarsa kafin ta dube shi.

"Baba," ta ce, da muryarta, "Mama ta daɗe a tsaye a bayanka. Ta ɗaga jaririn sama don ka gan shi. Don me ba ka juya ba?"

Festy ya ƙara matse ta a ƙirjinsa, har yanzu fuskarsa na kallon bango.

"Hannuwana a cike suke, 'yar nan," ya ce.